Ranar da Na Yi Sallama da Babanki a Zaure

Gumel.

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Kano lafiya, kin sami ɗaki mai iska da abokan zama na kirki. Allah ya tsare min ke daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya buɗe miki kai, ya sa karatun nan ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya. Babanki yana gaishe ki, yayyenki ma haka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Sai dai ki sani har yau ban gama jin daɗi ba. Ni Hajara, da na tashi ina bin shanu a dajin Sule Tankarkar, wadda sai da na yaye ki sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe fensir, yau 'yata ce a jami'a tana karatun adabi. Duk wadda ta shigo yi min barka sai na sa ta faɗi kalmar, in ta kasa in gyara mata. Maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko adabi wani irin aikin asibiti ne, na ce mata ya fi.

Maganar Habu ce ta sa na ɗauki biro. Yaron nan ya daɗe yana taka keke daga makarantar da yake koyarwa a Gagarawa zuwa ƙofar gidan nan, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, bai taɓa fasawa ba. Yayanki Sale ya gaya min abin da kika ce masa a tasha kafin motarku ta tashi. Wai kada ya jira ki, ya nemi wata. Ya ce Habu ya dai ɗora miki akwati a saman mota ya ɗaure da kyau, ya juya.

Na san daga inda maganar ta fito. Daga labarin nan ne da kika rubuta da hutu, kika karanta min ina tsince wake. Yarinyar cikinsa tana son mutum kamar ranta, aka yi aure aka kai ta gida mai katanga, son ya bushe. Matan da suka iya soyayya a labarin su ne na birni, masu yawo a lambu da samari. Da kika gama kika ce, "Inna, katanga ce ke kashe son mace. Ki dubi kanki. Na taɓa jin kin ce wa Baba kina son sa?" Na yi shiru na ci gaba da tsintar wakena, kika ɗauka kin ƙure ni. Shirun nan kuskure ne, kuma irinsa na yi ta yi a rayuwata. Yau zan amsa miki a takarda, tun da takarda ba ta kallona.

A rugarmu babu katanga ko ɗaya. Bukka ce, sai garke, sai fili har inda ido ya gaji. In maganarki gaskiya ce, da a can mace ta fi kowa sakewa. To ba haka ba ne. Inda babu katanga kowa na ganin ki, kowa na jin ki, daga kakanni har masu kiwon maruƙa. Shi ya sa muka gina tamu katangar a fuska, ita ake kira fulako. Ba kya kallon wanda kike so, ba kya kama sunansa, in ya biyo ta gabas ke ki bi ta yamma. In mace tana da magana, da inda ta ajiye abu take yin ta.

A haka babanki ya zo mana, yana malamin allurar shanu, a kan keke, da akwatin ƙarfe a baya. Nonon baƙo a bakin garke ake ajiye shi, inda maza ke zama. Ni kuwa na ɗauki ƙwarya na wuce garken, na kai ta gindin aduwar da ya jingine kekensa, na rufe da faifan da na saƙa da hannuna. A wurinmu wannan daidai yake da na hau tudu na yi shela. Kafin rana ta faɗi duk matan ruga sun sa ni a waƙa. Shi kuwa gogan ya sha nono, ya goge baki, ya ce madalla, ya ɗauki faifan yana fifita da shi. Haka aka yi ta yi duk zuwan da zai yi, har Goggona ta gaji ta tare shi a hanya ta ce, "Malam, kai shanu kaɗai ka iya dubawa?" Da ba don bakin tsohuwar nan ba, da yanzu babu ke.

Kuskurena na farko ke nan. Na ɗauka abin da ruga ta gane, duniya duka ta gane. Ki riƙe wannan a Kano. Kowane wuri da irin maganarsa, kuma in kika bar wurin ba ta bin ki. Abin da zai sa a ce kina da kunya a Gumel, a can yana iya sa a ce kina da girman kai. Ki duba mutanen da kika taras ki ga yadda suke nuna abin da ke ransu, kafin ki yanke cewa ba su da shi.

Aka kawo ni gidan nan. Kin san shi: zaure, sai tsakar gida, ɗakin kakarki Iya, Allah ya ji ƙanta, ɗakina, sai na babanki daga can gefe. Mutanen gari sun gina katanga ne don in an shiga ciki a huta da idon jama'a. Ba wanda ya gaya min. Na shigo da katangar fuskata cikin ta ƙasa, suka zama biyu. Ga ɗaki, ga ƙofa a rufe, babu mai jin mu sai gara, babanki ya yi ta zuba min labarin inda ya je da abin da ya gani, ni kuwa na juya fuska ga bango ina cewa "to". Zuciyata kamar ta fashe don daɗi, bakina ya ce "to". Shi ɗan gari ne, a saninsa ɗaki ne wurin da mace ke hira da mijinta. Da ya ga a ɗakin ma babu, sai ya fara rage labarin.

Abin haushi, bakin nan yana buɗewa a wani wuri. Gidan Ladi mai kitso. Kin san yadda kitso yake, kanki a cinyar wata, fuskarki na kallon ƙasa, ba wanda ke ganin idonki. A nan harshena ya sake. Na gaya wa matan da ke jiran layi cewa in Malam ya tafi rangadi abinci ba ya min daɗi, kuma tun daga kwanar masallaci nake gane ƙarar sarƙar kekensa a cikin na kowa. Suka yi dariya suka ce 'yar Fulani ta kamu. Maganar ta fita daga gidan kitso, ta bi ta bakin rijiya, ta shiga kasuwa, kafin ta isa majalisar su babanki ta zama wai matar Malam ta ce keken ta aura. Abokansa suka yi ta tsokanarsa. Daga ranar babanki ya daina shigo da keken tsakar gida, a zaure yake barin sa.

Ga na biyu. Maganar da ta dace da kunne ɗaya na kai ta inda kunnuwa suka yi yawa, mai ita kuwa ban ba shi ba. Ɗakin kwanan ɗalibai da kike ciki yanzu gidan kitso ne, ko da an shafa masa farin fenti. Ki yi hira, ki yi dariya, ki ci abinci da su. Amma abin da ke tsakaninki da mutum, shi ya kamata ya fara ji, daga bakinki, kafin wata ta kai masa shi a karkace.

Na ukun shi ya kusa raba mu. Murhun gidan nan asali a gindin bangon gabas yake, cikin inuwa. Ni na kwashe duwatsun na mayar da su tsakiyar fili, inda rana ke dukan mutum tun hantsi, iska kuma ta mayar masa da hayaƙi a ido. Iya ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ba ta taɓa ganin mai gudun inuwa ba sai ni. Ba wanda ya lura daga wurin nan ne kaɗai ake hango ƙofar zaure ta ciki. In babanki ya sako kai, ni ce farkon mai ganin sa, kafin ya gyara fuska, in san ko ya gaji ko an ɓata masa rai.

Shi kuwa tausayina ya ji. Ya kira magina suka gina min madafi a bayan rumbu, da rufi da taga da wurin jera tukwane, babu irinsa a unguwar. Ya kai ni har ƙofa yana murmushi yana jiran godiya. Na leƙa, na ga daga ciki ba abin da ake hangowa sai bangon makewayi. Na ce "to". Na yi watanni ina girki a can ina kuka, in an tambaye ni in ce hayaƙi ne. Kalma ɗaya da ta isa ta gyara komai, na hana shi. Har yau in na tuna fuskarsa a ƙofar madafin nan raina yana ɓaci da kaina.

Ana nan aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Maigatari, inda garkunan Damagaram ke shigowa ana duba su a bakin iyaka. Ya zauna a tsakar gida, ni ina gefe ina wanke-wanke, ya ce wa Iya, "Ni kaɗai zan tafi. Hajara ta zauna da ke, na ga ta fi sakewa in ba na nan. In kuma gida take so ta koma, ban hana ta ba. Ba na son in riƙe mutum inda ransa ba ya so." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ne da ya fi min sauƙi. Na gane in ya hau motar nan shi kaɗai, aurena ya hau tare da shi.

Na yi ta juya gidan nan a kaina ina neman inda zan tsaya in yi magana. A ɗaki harshena ya saba mutuwa. A tsakar gida ga Iya. Ba zan bi shi titi ba. Sai wata yamma na aiki kaina karɓo rariya a maƙwabta, na ratsa ta zaurensu, na taras da 'yar gidan da saurayinta a kan tabarma, kowa a gefensa, tana magana yana saurare, manya na wucewa ba mai ce musu don me. Na tsaya da rariya a hannu kamar wadda aka dasa. Ashe akwai wuri guda a gidan Bahaushe da aka ware don wannan maganar. Ba ciki ba ne, ba waje ba ne. Ni kuwa ba a taɓa yin zance da ni ba, a ruga babu zaure. Daga gindin aduwa aka ɗauko ni aka dire a ɗaki, na tsallake wurin da ake koyon magana.

Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, yana ɗakinsa yana ɗaure kaya. Na yi wanka, na ɗaura zanen da na fi ji da shi, na sa kwalli, na ɗauki sabuwar tabarma na shimfiɗa a zaure. Ke na kira. Lokacin bakinki bai daɗe da buɗewa ba, kina yawo da jigida kina cin ƙasa. Na ce, "Je ki ce wa Baba ana sallama da shi a zaure." Kika tafi da gudu kina maimaitawa don kada ki manta.

Na ji shi yana neman hula. Ya zura babbar riga, ya fito da fuskar tarbar baƙi. Ya dubi ƙofar waje, ya dube ni.

"Ina baƙon?"

"Ni ce."

"Lafiya? Me kike yi a nan? In wani ya shigo fa?"

"Zance na zo."

Can sai ya cire takalmi, ya zauna a can ƙarshen tabarma kamar saurayin da ke tsoron surukai, ya ce, "To, ina jin ki."

Ban dube shi ba, keken da ke jingine a bango na duba. Na ce, "Malam, ba keken nan nake so ba, mai shi nake so. Tun gindin aduwa nake son ka. Murhun da ka tashe ni daga kansa, daga nan nake ganin shigowarka, shi ya sa ban gode ba. In ka tafi Maigatari ka bar ni, ko ruga ba zan iya komawa ba, don ba abin da na bari a can."

Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, na saci kallonsa na ga ya cire hula yana goge ido da ita. Ya ce, "Hajara, ashe kina da baki haka, kika bar ni shekara da shekaru ina hira da bango?" Muna cikin haka abokinsa Malam Idi ya yi sallama ya sako kai, ya gan mu, ya daskare. Babanki ko motsi bai yi ba, ya ce, "Idi, ka dawo wani lokaci, ina da baƙuwa." Daga ciki kuwa muka jiyo Iya, wadda ashe duk tana bayan ƙofa, tana ce wa yayyenki, "Ku bar su, yau aka ɗaura auren."

Washegari dukanmu muka hau bayan lori, da tukwane da kaji da ke a cinyata. Gidan da muka samu a Maigatari, inda muka zauna kafin mu dawo Gumel, dangar kara ce ta kewaye shi. Kafin a sauke kaya babanki ya ɗauko duwatsu a hannu ya tsaya a tsakiyar fili ya ce, "A ina za a ajiye?" Na faɗa masa da bakina, ba da ido ba. Ranar na ci nasara, Rakiya, kuma ban sake sakinta ba. Shekarar farin nan da ta wuce, da shanun danginmu suka ƙare, yana dawowa daga daji da warin mushe a jikinsa ba ya iya cin abinci, ni ce mai yi masa hira har ya ci. Ni da nake cewa "to". Ba ki taɓa jin na ce ina son sa ba don ba a gabanki ake faɗa ba, ke ba ki ji kunyar tambaya ba ma.

Kada ki ce na ce duk katanga alheri ce. Na san matan da gidajensu suka zame musu kurkuku, wasu ma kin san su. Ki rubuta su, kada ki rage komai. Amma ki duba da kyau, za ki ga mutum ne ya kulle su, ƙasa da ruwa da aka kwaɓa ba su da laifi. Labarinki yana da daɗi, na ji tausayin yarinyar, sai dai kin bar ta a tsakiyar ɗaki ba ki tambaye ta komai ba. In za ki sake rubuta mace, ki fara sanin a ina take tsaye, wa ke jin ta, wa take hangowa daga nan. Ki duba inda ta ajiye randa, da inda take zama in ta gama aiki. Wata duk sonta yana nan, marubuci ya wuce ta kansa yana neman lambu. Ni lambun da na sani albasa ce da tumatir da mai ban ruwa yana kallon ki, ban ga yadda za a yi zance a ciki ba.

Yanzu ke. Kin ɗauka ban gani ba? Duk ranar da Habu zai zo, sai ki ɗauko littafinki daga ɗaki mai sanyi ki dawo bakin ƙofar zaure cikin rana, wai a nan haske ya fi. Na dube ki na ce jinin ruga ba ya ɓuya. Kuskurena kike maimaitawa, sai dai ni da fulako na gina tawa katangar, ke da littattafai. Kina son yaron nan, kina tsoron in an kai ki gidansa son zai mutu, shi ne kika yanka shi da hannunki tun yana da rai.

Ba na ce ki bar karatu ba, wanda ya ce ki bari ni zai fara gamuwa da ita. Babanki ya gaya wa Habu babu maganar aure sai kin gama, Habu ya ce shi ma haka yake so, makarantun da gwamnati ta bubbuɗe a ƙauyuka suna neman irinki. In kin ga wani aibu a halinsa, ki faɗa masa, ki faɗa mana, ba mai tilasta miki. Amma kada ki kori mutum saboda ginin da ko tubalinsa ba a buga ba. In lokacin ya yi, ke za ki nuna inda za a sa ƙofa.

Habu ya zo gaishe mu ranar Juma'a, ya rame har wuya ya fito. Ya ce wa babanki iyayensa sun fara yi masa maganar wata 'yar dangi, shi kuwa bai san abin da zai ce musu ba, tun da an ce kada ya jira. Babanki ya shigo ya gaya min. Na ce amsar ba tamu ba ce, kuma ba za a ba da ita a tasha cikin hayaniyar 'yan kamasho ba.

Saboda haka ban kai wasiƙar nan gidan waya ba. Wanda ya ba mai gadi ita ya miƙo miki, Habu ne. Bai san abin da ke ciki ba. Na dai ce masa saƙo ne mai amsa, kada ya bar bakin ƙofar nan sai kin fito, ko da zai kai magariba. Na tsawaita rubutun da gangan don ki sami lokacin da zuciyarki za ta daina bugawa. To na gama. Ki ninke takardar, ki gyara ɗankwalinki, ki fita. Abin da za ki ce masa naki ne, amma ki faɗa da baki.

Allah ya tsare ki a inda kike, ya kare ki dare da rana, ya dawo min da ke lafiya da ilimi mai albarka. Allah ya yi miki zaɓin alheri, ya kuma buɗe bakinki da wuri fiye da yadda ya buɗe nawa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara.